Lissafin da Na Yi wa Inna

"Uwarka ba ɓera ba ce, Kashim."

"Ban ce ɓera ce ba, Madam."

"To me ka ce? Maimaita in ji."

"Na ce abin da ke damun su shi ke damun ta."

Madam Juwairiyya ta ajiye allurar hannunta a kan tire. Ba ta ɗaga murya ba. A ɗakin nan ba a ɗaga murya, ɓerayen ba su son hayaniya. Faɗanmu ma a hankali muke yin sa.

"Wata nawa kana aiki a nan?"

"Bakwai."

"Wata bakwai kana wanke kashin ɓera, shi ke nan ka zama lokotoro, likitan mutane. Ni shekara tara na yi ina karatu, ko akuya ban isa in ba wannan abin ba."

"Ke kika ce a ƙasashen waje ana gwada shi ga mutane."

"A asibiti. Da likitoci tsaye a kansu. Ba a tsakar gida kusa da murhu ba. Ku kai ta likita."

"Mun kai ta. Ƙwayar barci suka ba ta. In ta farka tsoron na nan zaune yana jiran ta."

"Ku sake kai ta."

"Ta yaya? Ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Na zaci za ta sauko. Sai ta ce, "Keji na shida ba ruwa."

Na je na zuba wa keji na shida ruwa.

Gidan haya ne a bayan kasuwar tattasai, ɗaki biyu, da fanon rana mai ba da wuta a kan rufi saboda firigo. Madam ƴar Damagaram ce, ubanta na da shaguna a nan Difa. Binciken digirinta take yi. Ni kuwa na zauna bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu ban samu ba. Lissafi kaɗai ne ban taɓa faɗuwa ba, shi ya sa ta ɗauke ni.

Ɓeraye sittin muke da su. Farare ne, masu jan ido, ba irin na rumbu ba. Akwai wani akwati mai ƙasan ƙarfe. Sai a sa ɓera ciki, a kunna masa wata siririyar ƙara, a sakar masa ɗan kuran, wato wutar lantarki, a ƙafa. Kaɗan, kamar cizon cinnaka. Sau uku ya isa. Daga ranar, in ya ji ƙarar nan, ko da babu kuran, sai ya sandare. Ba gudu, ba motsi. Cikinsa kawai za ka ga yana bugawa. Aikina in riƙe agogo in ƙirga daƙiƙa nawa ya yi a haka, in rubuta a kaye, littafin aikinmu.

Ranar farko da na ga wannan tsayuwa, fita na yi na zauna a bakin ƙofa. Na san ta. A gidanmu na san ta.

Shekara tara ke nan da muka ƙetaro kogin Komadugu. Mutanen daji sun shigo garinmu da hantsi, a kan babura, da bindigogi. Baba ya koma ya kwance shanu, ya ce mu yi gaba. Bai iso mu ba. Shekarun da aka hana babur yawo a Difa, Inna ta samu sauƙi, har kasuwa tana zuwa. Da aka sake barin su, sai ta koma gidan jiya. In babur ya wuce ta bayan katanga, duk abin da ke hannunta nan zai tsaya. Ludayi a sama, ido a buɗe. Wani lokaci har da fitsari. A layinmu babur na wucewa fiye da sau ɗari a yini. Ta daina cin abincin kirki. Yayata, Ya Fatime, ta bar sana'ar ƙosanta ta zauna gadinta.

Maganin da Madam ke gwadawa daga wata irin laimar kwaɗi aka fitar da shi. A firigo yake, cikin wata kwalba mai ƙarfi da muke ce wa uwa. Daga ita ake ɗiba a tsarma. In aka yi wa ɓera allurarsa, ba a daɗewa sai ya fara kaɗa kai, fir, fir, kamar kare ya fito daga ruwa. Wannan ma ni ke ƙirgawa. Madam ta ce alama ce yana ganin abin da babu shi. Na ce, me ɓera zai gani? Ta ce har yau ba wanda ya zo ya ba ta labari.

Amma washegari in aka kunna ƙarar, sai ka ga ɓeran ya ɗaga kai, ya saurara, ya ci gaba da shinshinar kusurwa. Kamar ba shi ba. Da hannuna na rubuta wannan, shafi bayan shafi. In na koma gida kuma in tarar da Inna tsaye da ludayi.

Komai a ɗakin nan da awo ake yin sa. Kafin allura sai an ɗora ɓera a sikeli. Mai giram ashirin da biyar da nasa rabon, mai giram talatin da nasa. Nauyi ke yanke yawan magani. Abin da idona ya gani ke nan kullum, ba wanda ya taɓa ce mini akwai wani abu bayansa.

Ranar Lahadi na aro sikelin Alhaji Laminu na awon tattasai, na turo shi gida a baro, na ce zan auna Inna.

"Kai kuma sayar da ita za ka yi?" in ji Ya Fatime.

"Na katin taimako ne. Sun ce a kawo nauyin tsofaffi."

"Su dai ba su rasa abin tambaya. Gobe za su ce a ƙirga mata haƙora."

Inna ta hau tana riƙe da kafaɗata. "Ni tattasai ce, Kashim?" Ta ɗan yi murmushi. Rabon da in ga murmushinta na manta.

Kilo arba'in da huɗu. Buhun shinkafa ya fi ta.

Lissafin kuwa tun aji shida aka koya mana shi. In kaza ya ba da kaza, kaza nawa zai ba da. Na yi shi sau uku, amsa ɗaya na samu. Abin da ya fito ya kusa rabin uwar kwalba. Makullin firigo yana rataye a bayan kalanda, ni ke share wurin. Ranar Litinin da la'asar, da Madam ta shiga salla, na ɗiba. Na cika gurbin da ruwan gishirin da muke tsarmawa da shi, har ya kai layin da ta ja da biro.

Talata da safe, wajen ƙarfe bakwai, na karɓi kofin kunun Inna daga hannun Ya Fatime, na ce ni zan kai mata. A zaure na zuba.

"Tsamiyar nan ta yi yawa yau," in ji Inna. Ta shanye duk da haka. Ta miƙo mini kofin. "Allah ya yi maka albarka."

Ban iya cewa amin ba. Na ɗauki takalmina na fita. Na ce wa kaina in ban je aiki ba Madam za ta gane. Gaskiyar ita ce ba na son in tsaya in gani.

Ɓeraye takwas muka yi wa allura da safen nan. Na zauna da agogo ina ƙirga kaɗa kai. Na farko, sha ɗaya. Na biyu, tara. Kullum ashirin da wani abu muke samu. Da muka kai na biyar, Madam ta karɓi kayen ta duba. Ta je ta buɗe firigo. Ta ɗaga uwar kwalba ta duba layin biro. Daidai yake. Ta mayar, ta rufe, ta tsaya da bayanta a gare ni.

"Ɓera ba ya ƙarya, Kashim. Wa ya zuba wa kwalbar nan ruwa?"

Na ajiye agogon a kan tebur.

"Ka ba uwarka?"

"Na ba ta."

"Yaushe?"

"Ƙarfe bakwai."

Ta dubi agogon bango. Goma saura.

"Nawa?"

Na buɗe mata shafin ƙarshe na kayen. Ban ji kunya ba, sai ma wani ɗan taurin kai. In sata ce na yi sata, amma ban yi ganganci ba. Na auna, na lissafa. Ta bi layukan da yatsa. Yatsan ya tsaya a kan amsar. Ta ja kujera ta zauna.

"Lissafinka daidai ne," ta ce. Muryarta ta canza. "Ka taɓa riƙe ɓera ka ji zuciyarsa? Sau ɗari shida take bugawa a minti. Jikinsa cinye magani yake yi kamar wutar kara. Mutum ba haka yake ba. In za a tashi daga ɓera zuwa mutum, bayan an gama wannan lissafin naka sai an sake rabawa. Da goma sha biyu."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Me zai sa in faɗa? Ɓeraye muke yi wa!"

Karo na farko ke nan da ta yi ihu a ɗakin. Duk kejin suka ɗauki motsi.

Na raba a kaina. Ba na so, amma kaina ya raba. Rabon mutum goma sha biyu na ɗura wa mace mai kilo arba'in da huɗu.

"Zai kashe ta?"

"Ba kasafai shi ke kisa ba. Abin da mutum zai yi yana cikinsa shi ne abin tsoro. Ka taɓa ganin na bar wanda aka yi wa allura a kan tebur ba murfi? Ba su sanin bakin tebur. Tafiya kawai suke yi. Wa ke tare da ita?"

"Ya Fatime."

"Kira ta. Ka ce ta kulle ƙofa."

Na kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake. Madam ta riga ta ɗauki makullin mota.

A ƙofar gida muka tarar da Ya Fatime cikin mata maƙwabta, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Kashim! Inna ta warke! Wallahi ta warke!"

"Tana ina?"

"Tsaya ka ji mana. Da fari amai ta yi, na tsorata. Sai ta fara dariya. Wai zanen tabarma yana tafiya. Wai katanga numfashi take yi, in zo in taɓa in ji. Ta yi ta hira da Baba kamar yana zaune gabanta, har tana masa faɗa a kan shanu. Sai babur ya wuce. Na ce shi ke nan. Kashim, ko gezau! Na biyu ya wuce, ta kwaikwayi kukansa da baki!"

"Ya Fatime, tana ina?"

"Ta ce in ba ta shuɗin zanenta, za ta gaida mutane."

"Kika bar ta ta fita?"

"Shekara biyu ba ta taka ƙofar nan ba, sai yau in hana ta? Kai me ke damun ka? Wace ce wannan?"

"Tun yaushe?" in ji Madam.

Ya Fatime ta dube ta, ta dube ni. Dariyar ta fara janyewa daga fuskarta. "Ya kai awa guda."

Muka sa ta a mota. Neman bai yi wuya ba, kowa ya gan ta. Mai shayin bakin layi ya ce ta wuce tana gaida duk wanda ta gamu da shi, har da jakin mai ruwa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce a tsakiyar kwalta ta tsaya masa, da ƙyar ya ja birki, ta zo ta shafa fitilar babur ɗinsa ta ce masa kyakkyawa ce. Duk wanda muka tambaya kudu yake nunawa. Mun san abin da ke kudu.

Inda hanyar mota ta ƙare muka sauka da gudu. Lokacin tsinkar tattasai ne, an shanya shi a ƙasa fili guda, ja wur. Ta tsakiyar shanyar aka bi aka wuce, sawu ɗaya miƙe, ba kaucewa. Mai gonar na tsaye yana zage-zage da Barbarci. Da ya gan mu sai ya nuna mana bakin ruwa da sandarsa.

Komadugu ta cika, ruwan ya yi launin ƙasa yana tafiya da ƙarfi. Masunta huɗu na tsaye a gaɓa, ba wanda ke taɓa tarunsa. Na san babbansu, Baba Alkali, wurinsa Ya Fatime ke sayen kifi.

"Tsohuwar taku ce?" ya ce. Bai juyo ba. "Gorata ta ɗauka. Na ce, baiwar Allah, ina zuwa? Ta ce gida, ta bar tukunya a wuta. Kafin in tashi ta shiga."

Na bi inda yake kallo.

Ta wuce tsakiya. Tana kife a kan babbar gorar da masunta ke hawa, cikinta a kanta, hannu biyu na tuƙa ruwa. Ba ta faɗa da igiyar ruwan, karkata take yi tana bin ta a hankali. Na manta. Inna ƴar masunta ce, a kan gora ta tashi. A kan gora ta ƙetaro da mu ranar nan, ɗaya bayan ɗaya. Ni tun daga ranar ban sake sa ƙafa a kogin nan ba. Ban iya ruwa ba.

"Inna!" Ya Fatime ta ƙwala. "Inna, ki dawo!"

Na kira ni ma, har maƙogwarona ya yi zafi. Ta juyo. Daga nesa na ga haƙoranta. Ta ɗaga mana hannu ɗaya, irin na mai tafiya biki.

Gefen can ba kowa. Shekara tara ba mai noma shi. Gonaki sun zama daji, ciyawa ta fi mutum tsawo. An hana ƙetarawa ta nan, kuma ko ba a hana ba masunta ba su wuce tsakiyar ruwa. Wanda ya wuce bara, in ji Baba Alkali, gorarsa kaɗai aka tsinta a wajen garin Geskeru.

Ta kai gaɓa. Ta miƙe, ruwa na zuba daga zanenta. Na ce a raina, ja gorar sama, Inna, ja ta sama. Ta sunkuya ta shafa ta kamar kan yaro, ta tura ta cikin ruwa. Muna kallo gorar ta juya sau biyu, ta bi gabas.

Sai ta hau tudu. Shuɗin zanen ya shiga ciyawa, ya fito, ya sake shiga. Iska ta kawo mana ɗan sautin muryarta. Waƙa take yi.

Ban san lokacin da na shiga ruwan ba. Sanyinsa ya kama ni a cinya, ya kama ni a ƙirji, ƙasa ta zame daga ƙarƙashin ƙafata. Na sha sau biyu. Wani hannu ya damƙi wuyan rigata ya fizgo ni baya, ya jefar a kan laka.

"Gawa biyu kake so yayarka ta yi wa kuka?" in ji Baba Alkali. Yana haki. "Zauna nan."

Na zauna. Madam ta durƙusa kusa da ni, takalminta ya nutse a laka.

"Awa nawa maganin yake yi?" na ce.

"Shida. Takwas. Da wannan yawan, ban sani ba."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ya sake ta."

"Amma tsoron ba ya dawowa. Washegari ba su sandarewa. Na gani."

"Wasu, Kashim. Ba duka ba. Cikin goma, huɗu sun sandare kamar da. Biyu ma sun fi da. Kai ka rubuta da hannunka."

Haka ne. Ni na rubuta. Waɗannan shafukan ne nake saurin buɗewa in wuce.

Na dubi rana. Ta kusa tsakiya. Kafin la'asar abin zai fara barin jikinta. Za ta duba ta ga ba katanga, ba tabarma, ba Ya Fatime. Za ta gane inda take tsaye. Macen da ƙarar babur daga bayan katanga ke daskarar da ita, ita kaɗai a wancan gefen, ba gora.

Ya Fatime ta ji duk abin da muka ce. Kallo ɗaya ta yi mini, na gwammace da mari ne. Ta tashi ta nufi masuntan. Akwai gora uku a kife a kan gaɓa, da ƙaramin kwalekwale ɗaure a jikin turke. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa gaban Baba Alkali, ta durƙusa a kai.

"Baba, kai ka san ruwan nan. Ba ta yi nisa ba. Ga ciyawar can tana motsi, ka gani? Wallahi ba ta yi nisa ba."

Baba Alkali ya dubi tarunsa. Na kusa da shi ya sunkuya yana warware wani ƙulli da ba ya buƙatar warwarewa. Sauran biyun suka juya fuska gabas, inda gorar ta bi. Ciyawar can ta daina motsi. Waƙar ma ba a jin ta.

Ya Fatime ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ku huɗu ne. Duk ba wanda zai je ya ɗauko mana ita?"